A nuna ma yara ramin tabki tun da rani

A Gaffati, kusa da birnin Damagaram, da rani ake haƙar ƙasa a bakin gari, a buga tubali. Inda aka haƙa, rami ya kan saura. Wani ramin ya fi tsawon babban mutum. In damana ta sauka, ruwa ya rufe shi. A watan Agusta tabki duk ya zama shimfiɗa ɗaya, ido ba ya gane inda zurfi yake.

Iyaye su kan ce: "Kada ka je tabki!" Wannan magana ba ta isa ba. Su da kansu ke aiken yaro ya shayar da awaki, su aiki yarinya wanki. To, ina za su, in ba tabki ba? Yaron da aka hana kawai, a ɓoye zai tafi, kuma bai san kome ba.

Gara a kai yara wurin tun ruwa bai zo ba. Malamin lakwal ma yana iya fita da ajinsa. Su tsaya bakin rami, su auna zurfinsa da igiya. Su lura da itace ko dutsin da ke kusa, don su shaida wurin bayan ruwa ya cika.

Sannan a koya masu: in wani ya faɗa, kada ɗan'uwansa ya bi shi. Mai nutsewa ya kan riƙe wanda ya zo ceto, su tafi tare. Ya yi kuwwa, ya kira manya. In akwai sanda ko igiya, ya kwanta a tudu ya miƙa masa.