Tarihin Dandi na jiran marubutan soyayya

Duk wanda ya zaga unguwannin Gaya bayan sallar isha'i zai tarar da samari da ƴan mata sun duƙufa kan salula, suna kallon finafinan Indiya da na Turkiyya waɗanda aka mayar da Hausa. Labarin kusan guda ne: ɗan sarki ya ɓad da kama, ya shiga birnin maƙiya domin leƙen asiri, ya haɗu da ɗiyar abokin gabar ubansa, so ya shiga tsakani. Ba mu ga laifin yaran ba. Abin da ke damunmu shi ne sun san sarakunan Istambul da sunayensu, amma in ka ce musu Nabame sai su tambaye ka ɗan wace unguwa ne.

A ganinmu ya kamata marubutanmu su ɗauki irin wannan labari su dasa shi a ƙasar Dandi, domin kayan aikin duka suna nan. A shekarar 1849 Yakubu Nabame ya tayar wa Sakkwato da Gwandu, ya farfaɗo da sarautar Kabi a Argungu. Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya, daga baya kuma sunan Dawuda Bugaran na Dosso da na Isa Korombe suka fito a fagen daga. An yi ta gwabzawa har 1867, lokacin da aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Sulhun ya kai shekara takwas kafin ya warware a 1875.

To, waɗannan shekaru takwas su ne gonar marubuci. An ajiye mashi, amma ba a ajiye zargi ba. Kasuwanni sun buɗe, fataken goro masu zuwa Gwanja suna ƙetare Kwara, masu dafa gishirin Foga suna lodin jakuna, kowane ayari kuwa ana iya samun ɗan leƙen asiri a cikinsa. Saurayin Gwandu ya naɗa rawani ya shigo a matsayin falke, ya sauka gidan da ya rasa ɗa a yaƙin bara, ɗiyar gidan ce ke kai masa fura. Me ya fi wannan?

Ɓad da kama a wancan zamani ba wasan yara ba ne, kuma nan ne gwanintar marubuci za ta fito. Mutum yana ɗauke da asalinsa a fuska. Tsagar Kabawa ba ta ɓoyuwa sai da amawali, kuma ba a cin tuwo da amawali a baki. Harshe ma yana tona asiri: kalma guda ta Dandanci da aka karkata ta isa a ɗaure baƙo. Ko Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa kwarin Foga a 1853 yana amsa sunan Abdulkarim, sai da ya yi shigar sharifin Larabawa kafin ya isa Tumbuktu.

Akwai dattawan da za su ce haɗa soyayya da tarihin yaƙi raini ne ga waɗanda suka kwanta dama, wasu kuma su ce tone-tone ne. Maganarsu abar saurare ce. Sai dai kakanninmu da kansu sun riga mu mayar da gaba zumunta. Wasan da ke tsakanin Fulani da Arawa, ko Zabarmawa da Gobirawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon duniya a 2014, shaida ne. Haka ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ake danganta bikin kamun kifi da ita.

Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin mai nauyi ne. Marubuci ya ƙagi masoyansa yadda ya so, ya ba su suna da gida da kishi. Kada ya ƙaga wa Nabame ko Toga ɗiyar da ba su haifa ba, kada ya sauya wanda ya ci yaƙi, domin jikokinsu suna raye, wasu suna kan karaga. Mun ga ƙarfin alƙalami a littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. Aikin ya fito da sunan Lugu da turjiyar 1899 a idon duniya, amma yau ɗalibai da yawa ba sa rarrabe abin da ya faru da abin da marubuci ya ƙara. Haka kuma kada a mayar da ɓangare guda mala'iku, ɗaya shaiɗanu. An kama bayi ta kowane gefe, an ƙone rumbuna ta kowane gefe.

Saura aikin ƙafa. Tsofaffin da suka ji waɗannan labarai daga bakin kakanninsu suna Tanda da Bengu da Yelu, da Kamba a Najeriya, da Karimama a Binin, kuma kullum raguwa suke yi. Cibiyar CELHTO da ta IRSH a Yamai suna ajiye da muryoyin da aka ɗauka tun shekarun baya. Mai son rubuta labarin nan ya fara da zama gaban waɗannan, da takarda a hannu, kafin ya zaɓa wa falkensa suna.