Mai hoton kan titi a Gwarzo ba ya buƙatar gilashi mai tsada

Matashin da ya tara kuɗi ya sayi kyamarar renjifainda domin ɗaukar hotunan kasuwa da tituna a Gwarzo ko Kabo, tambayar da ke biyo baya ita ce wane gilashi zai ɗaura mata. A nan ne da yawa ke asarar jarinsu, domin shawarwarin da suke gani a YouTube galibi an tsara su ne don masu aiki a biranen Turai, inda gajimare ke rufe rana watanni.

Renjifainda kyamara ce da mai ita ke leƙawa ta wata 'yar taga dabam da gilashin. A tsakiyar tagar yana ganin siffa biyu, sai ya murɗa gilashin har su haɗu su zama ɗaya, alamar saiti ya yi. Kamfanin Leica na Jamus ne ya fi shahara da ita, musamman tun fitowar M3 a 1954, kuma sabon gilashinsa guda kan kai dubban daloli. A canjin naira na yau, wannan kuɗin sayen fili ne.

Babban abin da ke ƙara wa gilashi tsada shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga, kamar f/1.4, wadda ke da amfani a wuri mai duhu. To amma rana a yammacin Kano ba ta rowa. Wanda ke ɗaukar hoto a kasuwar Getso da hantsi, ko a tashar mota a kan hanyar Kano zuwa Dayi, tsuke ƙofar zai yi zuwa f/8 ko f/11. A wannan mataki, da wuya ido ya bambance aikin gilashi mai araha da na mai tsada.

Don haka abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramin gilashi guda ɗaya, mai milimita 35 ko 50. Mai 35 ya fi dacewa da lungu da cunkoson rumfuna: idan aka sa shi a f/8, aka saita tazara a mita 5, duk abin da ke tsakanin kimanin mita biyu da rabi har iyakar gani zai fito tas, ba sai an tsaya saiti ba yayin da mai amalanke ke wucewa. Mai 50 kuwa ya fi kyau ga fuskoki da hawan sallah. Da irinsa Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya yi mafi yawan aikinsa.

Zaɓi mai sauƙin kuɗi yana nan. Akwai Voigtländer da kamfanin Cosina ke ƙerawa a Japan tun 1999, sai TTArtisan da 7Artisans na China da suka fi shi araha. Tsofaffin na Tarayyar Sobiyet, irin su Jupiter-8 da Industar-61, sun fi kowa sauƙi, sai dai bakinsu na murɗawa ne, suna buƙatar adafta kafin su hau Leica M, kuma wasunsu kan kuskure saiti idan abu yana kusa. Mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya sayen tsohuwar Canonet QL17 ko Yashica Electro 35, waɗanda ke zuwa da gilashinsu a manne, muddin ya tanadi inda zai samu fim da mai wanke shi.

Wasu za su ce araha ba ta ado, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare. Gilashin gwanjo kan zo da tabo ko hazo a ciki. Maganinsa shi ne a haska shi da tocila kafin a biya, a murɗa shi a ji ko yana cijewa, sannan a gwada saitinsa a kan abu na kusa da na nesa. Wanda kuma zai yi aikin biki da dare, shi yana da hujjar neman mai faɗin ƙofa.

Tsayawa a kan gilashi ɗaya yana da wata fa'ida a lokacin hunturu: duk sanda aka cire shi don sauyawa, ƙura na samun hanyar shiga. Haka kuma ƙaramin gilashi ba ya tare tagar leƙawa, ba ya kuma razana mutane. Amma ƙanƙantarsa ba lasisin satar hoto ba ce. A garin da kowa ya san gidan kowa, sallama da neman izini, musamman wajen mata da dattawa, su ke buɗe wa mai hoto ƙofa.

Malick Sidibé na Mali ya fara ne da 'yar kyamarar Brownie, kuma hotunan matasan Bamako da ya ɗauka suka kai shi ga lambar yabo ta Zakin Zinare a Venice a 2007. Gwarzo da Kabo suna sauyawa: katangun ƙasa na komawa bulo, babura na maye gurbin jakuna. Duk shekarar da mai hoto ya ɓata yana tara kuɗin gilashin alfarma, wani abu ya shuɗe ba a ɗauke shi ba.