Iraƙi Ba Naman Layya Ba Ce da Za a Kasa Ta Uku

Duk inda aka zauna hirar duniya, a majalisa ko a gidan rediyo, da an ambaci Iraƙi sai ka ji an kasa ta uku: 'yan Shi'a a kudu, 'yan Sunni a tsakiya, Kurdawa a arewa. Daga nan a yanke hukunci cewa mutanen nan ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, Turawan Ingila ne suka ɗaure su da igiya ɗaya, jinin da ya zuba bayan mamayar Amurka ta 2003 kuwa tsohuwar gaba ce ta farka. Ban yarda da wannan karatun ba.

Lissafin tun daga tushe gurgu ne. Shi'a da Sunni aƙida ce, Kurdawa kuwa ƙabila, kuma mafi yawansu 'yan Sunni ne. Babbar ƙabilar Larabawa ta Shammar tana da 'yan Sunni, tana da 'yan Shi'a, kaka ɗaya. A wane kaso za a sa su?

Sannan ina aka kai sauran? Akwai Turkumawan Kirkuk da Tal Afar. Akwai Kiristoci Assuriyawa da Kaldiyawa, masu ibada da Suryananci, reshen Aramiyancin da Annabi Isa ya yi magana da shi. Akwai Sabi'awa masu wankan ibada a bakin kogi, da Yazidawan Sinjar waɗanda Da'ish ta yi wa kisan kiyashi a 2014, da baƙaƙen fatar Basra masu asali daga Afirka. Ministan kuɗi na farko a ƙasar, Sassoon Eskell, Bayahude ne ɗan Bagadaza. Wannan ƙasa ta tsakanin Dijla da Furat, inda aka fara rubutu a kan laka shekaru sama da 5,000 da suka wuce, ta saba da tara jinsi iri-iri. Sibawaihi, jagoran nahawun Larabci a Basra, Bafarishe ne. Salahuddin da aka haifa a Tikrit Bakurde ne.

Ba na cewa babu tabo. Saddam Husaini ya zuba wa Kurdawan Halabja iskar guba a 1988, ya murƙushe tawayen kudu a 1991. Amma zaluncin mai mulki daban, gabar talakawa daban. Kasafin ukun nan ya samu kujera ne a watan Yulin 2003, lokacin da Paul Bremer, kantoman Amurka, ya naɗa majalisar mutum 25: 'yan Shi'a 13, Larabawan Sunni 5, Kurdawa 5, Baturkuma ɗaya, Kirista ɗaya. Daga nan aka gaji abin da Iraƙawa ke kira muhasasa, wato rabon muƙami da aƙida da ƙabila: shugaban ƙasa Bakurde, firaminista ɗan Shi'a, kakakin majalisa ɗan Sunni. Ɗan siyasar da abincinsa ke fitowa daga wannan rabo ba zai so ɓarakar ta toshe ba.

Mai son ganin mutanen kansu ya je gadar Imamai a Bagadaza. A gaɓa ɗaya unguwar A'azamiyya ce, makwancin Imam Abu Hanifa. A ɗaya gaɓar Kazimiyya, makwancin Imam Musa Kazim. Ranar 31 ga Agusta 2005 aka baza jita-jitar ɗan ƙunar baƙin wake a cikin masu ziyara 'yan Shi'a, aka yi turmutsutsu a kan gadar, kusan mutum 1,000 suka rasu. Wani matashi ɗan Sunni daga A'azamiyya, Usman al-Ubaidi, ya faɗa kogin yana tsamo waɗanda suka afka, yana komawa, har ƙarfinsa ya ƙare ruwa ya ci shi. Bai tambayi kowa mazhabarsa ba kafin ya miƙa hannu.

A Oktoban 2019 matasa suka cika dandalin Tahrir, mafi yawansu 'yan Shi'a, suna zanga-zanga a kan gwamnatin da 'yan Shi'a ke jagoranta. Takensu gajere ne: muna son ƙasa. An kashe ɗaruruwa daga cikinsu. Wane mai sharhin kaso uku ne zai iya fassara wannan?

Mu da kakanninmu suka riƙi ɗarikar Sidi Abdulƙadir Jilani, wanda kabarinsa ke Bagadaza, bai kamata mu ari bakin 'yan mamaya mu ci wa Iraƙi albasa ba. Ƙidayar Nuwamban 2024 ta samu mutum miliyan 46 da ɗoriya, ba ta tambayi kowa ƙabila ko mazhaba ba. Idan an sake ɗauko hirar a majalisarku, ku kira su da sunan da suke kiran kansu: Iraƙawa.