Ɓawon Ƙwai Ba Shara Ba Ne

Duk wanda ya bi Agege ko Obalende a Ikko, ko Sabo a Badun, da sassafe, zai tarar da tulin ɓawon ƙwai a gindin teburin mai shayi. Kafin hantsi an kwashe shi an zuba a kwata, ya toshe ruwa, ya tara ƙuda. Lalle wannan asara ce, kuma 'yan Arewa mazauna Kudu ne suka fi kowa yin ta, domin galibi su ke riƙe da wannan sana'a.

Masana sun tabbatar cewa wajen kashi 94 cikin 100 na ɓawon ƙwai sinadarin alli ne. Idan aka wanke shi, aka gasa shi a wuta mai zafin digiri 900, sai ya koma farin gari mai kaifi, ɗan'uwan farar ƙasa. In aka jiƙa garin nan da ruwa, kaifinsa yana fasa jikin ƙwayoyin cuta, har da irin waɗanda ke kawo gudawa. A Japan ma ana gasa ɓawon wata katantanwar teku ta wannan hanya, a sayar da garin don wanke kayan lambu.

To, amma a yi hattara. Ɗanyen ɓawo shi kansa yana iya ɗauke da cuta, kuma rishon mai shayi ba zai kai wannan zafi ba. Garin kuwa yana ƙuna fata da ido. Saboda haka gasawa aikin ma'aikata ne, tarawa kuwa aikin jama'a.

Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin masu shayi su sa kowane tebur ya ajiye buhu, a riƙa tara ɓawo unguwa-unguwa. Sa'an nan su tunkari cibiyar binciken masana'antu ta Gwamnatin Tarayya da ke Oshodi, su nemi ta gwada shi, ta tsara yadda za a sarrafa shi don tsabtace mahauta da kasuwa da masai.

Annobar kwalara da ta afka wa Ikko a 2024 ta isa ishara, kuma unguwa mai cunkoso irin zango ita cuta ta fi so. Rigakafi ya fi magani. In masu shayi ba su haɗa kai ba, wani ɗan kasuwa zai zo ya kwashe ɓawon kyauta, ya dawo ya sayar musu da garinsa da tsada.