A Ware Takardun Ajiyar Hatsi Tun Kaka

Jama'a, kowace kaka za ka ga mutum biyu ko uku sun haɗa jari sun sari gero da dawa da wake a Dawanau, sun zuba a sito sai bazara. Sana'a ce mai albarka. Amma mun lura yawancin rigimar da ke raba irin waɗannan abokan ciniki daga takarda take tasowa. Wannan ya cusa rasit a aljihun riga, wancan ya ce ai yana cikin waya, ran rabon riba kowa ya zo da nasa lissafi.

Shawararmu ita ce littafi ɗaya da ambulan huɗu. A shafin farko na littafin a rubuta abin da kowa ya zuba, da lamba da kuma kalmomi, da yadda za a raba riba ko hasara, shaidu biyu su sa hannu. Ambulan na farko na saye ne: buhu nawa, tiya nawa a buhu, wane farashi, wane dillali. Na biyu na ɗawainiya: la'ada, kuɗin dako, kuɗin mota, hayar sito, maganin ƙwari. Nan kuɗi ke zurarewa, don ƙanana ne, ba a tuna su. Na uku na sayarwa. Na huɗu na bashi, wanda ake binku da wanda kuke bi.

Rasit ɗin POS kuwa kada a dogara da shi, zafi na goge rubutunsa. A kwafe lambarsa da kwanan wata cikin littafi a ranar. Kuma kada littafi ya kwana wuri ɗaya da kaya ba tare da kwafi a gida ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta ishe mu darasi.

Wani zai ce, haba, tsakanin 'yan'uwa har sai an rubuta? To, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ku kun yarda da juna, gaskiya ne. Amma in ta Allah ta kasance kafin bazara, magada da me za su je gaban alƙali?

Kuɗin littafi da ambulan bai kai na tiyar gero ba. A saya kafin a auna buhun farko. Allah ya ba da kasuwa.