Motar ɗan kasuwa a gaban masu lanho

Duk shekara, in lokacin rufe lissafi ya zo, kuka guda ne ake ji daga bakin ƙananan ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram: mota ta ci kuɗi kamar wutar daji, amma ma'aikatan lanho sun ƙi amincewa da rabin abin da ta ci. Kukan yana da tushe. Sai dai in aka bi diddigi, akasarin kuɗin da aka ƙi lissafawa kuɗi ne da aka kashe ba tare da takarda ba.

Maganar ba kowa ta shafa ba. Mai biyan lanhon dunƙule, wanda jama'a ke kira patanti, ba ya cire komi, don bisa girman cinikinsa ake yanke masa. Wanda ta shafa shi ne mai lambar NIF da ke riƙe da littattafan lissafi, ake aza masa lanho bisa riba. Kundin lanho na 2012 ya tsaida kashi 30 cikin 100 na ribar. Riba kuwa ita ce abin da ya saura bayan an fidda ɗawainiyar sana'a, har da ta mota: isansi ko gazuwal, bidanji, taya, asiransi, binyati da albashin direba. Sharaɗi shi ne a kashe kuɗin don sana'ar, a rubuta su cikin shekararsu, kuma a riƙe faktir.

A nan ne lissafin kasuwa da na lanho suke raba hanya. A ce Alhaji yana neman tayoyi. Wani shago ya sa jika 100 tare da faktir, wani ɗan tebur ya sallama a jika 80 hannu da hannu. Kowane ɗan kasuwa zai ce na biyu ya fi araha. Amma bisa wancan ma'auni na kashi 30, jika 100 mai takarda tana rage lanho da jika 30, ke nan tayoyin sun tsaya masa a jika 70, in dai shekarar ta ba da riba. Na jika 80 kuwa suna nan a jika 80.

Haka zancen mai yake. Shekara da shekaru motocin kudancin ƙasar nan sun rayu da man ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya, har bayan da matatar Soraz ta fara aiki a 2011. Kwalba ba ta zuwa da takarda. Janye tallafin mai da Najeriya ta yi a 2023 ya karya wannan ciniki, sa'annan cikin watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, na gazuwal daga 668 zuwa 618. Motoci sun koma gidajen mai, amma sabo bai bar mutane ba: direba ya sha mai, ya biya, ya tada mota bai nemi takarda ba.

Ita ma hukuma tana da nata rabon laifi. Tun 2021 take matsa wa ƴan kasuwa da faktir mai tabbaci da ke fitowa daga na'ura, alhali makanisen da ya fi kowa iya gyaran tsofaffin motocin nan gindin bedi yake aiki, bai taɓa jin sunan NIF ba. Wanda ya yarda ya shiga doka shi ne ke shan hasarar wannan giɓi, maƙwabcinsa da bai yi rajista ba ko a jikinsa.

Kuɗin sayen motar kansu ba a cire su gaba ɗaya. Ana raba su bisa shekarun da za ta yi aiki: motar ɗaukar kaya ta miliyon 8, in an raba bisa shekara 4, miliyon 2 ke nan kowace shekara. Wajibi ne kuma a rubuta ta cikin dukiyar sana'ar. Motar da kartigirinta ke ɗauke da sunan ƙane ko suruki, da wuya mai bincike ya yarda ta shago ce.

Sauran rigimar ta cikin gida ce. Motar da ke kai siminti da safe, ta ɗauko yara daga lakkol da rana, ta kai iyali biki Tasawa ranar Lahadi, ba dukan manta ne na sana'a ba. In mai bincike ya gane, zai maida rabon iyali cikin riba, ya ɗora tara a kai. Ƙaramin littafi da direba zai riƙa rubuta rana, wurin zuwa da kilomita ya isa ya raba gardama. Tarar da jandarma ya yanka ba ta ciruwa ko da akwai takarda. Tikitin kuɗin hanya yana shiga lissafi. Na goron da ake miƙawa a shinge kuwa, babu kwantabilin da ya san gurbin da zai sa shi.

Dokar lissafi ta OHADA ta ce a adana takardu shekara 10. Ƙananan takardun da na'ura ke fiddawa ba su jure zafin watan Afrilu cikin aljihun mota. Kafin damana rubutun ya dushe. Sai a yi musu fotokopi tun cikin satin da aka karɓe su.