Wai Dabara Ce, Ba Caca Ba: To, Mu Buɗe Dabarar Mu Gani



Akwai wata magana da ta fara yawo a tsakaninmu, muna so mu tare ta gaba da gaba. Idan aka yi wa saurayi faɗa a kan cacar ƙwallo, yakan sunkuyar da kai, don ya san abin da yake yi. Amma da an zo kan poka, wato wasan kartar nan da ake bugawa da kuɗi ta intanet, sai ya ɗaga kai ya ce wannan daban ne. Wai lissafi ne, wai haƙuri ne da karantar halin mutum, wai masu ilimi ne suke ci. Har ya nuna maka bidiyon da ake koyar da yadda ake yanke shawara a tsakiyar gasa.

Ba za mu ce ƙarya yake yi ba. Akwai dabara a poka, duk wanda ya musa bai san wasan ba. Abin da muke so shi ne a baje dabarar a faifai, kowa ya ga abin da ake koya wa ɗan'uwanmu, sa'an nan mu faɗa wa juna ko ya dace da mai bin Yesu.

Ga yadda gasar take. Kowa ya biya kuɗin shiga, a ba shi tulin kwabban wasa daidai da na kowa. A kowane rabon kati akwai mutum biyu da dole su yi zubi tun kafin su ga abin da ke hannunsu, ana zagayawa da wannan zubin dole a teburi, kuma bayan 'yan mintoci ana ƙara shi. Wanda kwabbansa suka ƙare ya fita ke nan. A farkon gasa zubin ƙarami ne, mutum yana iya zama ya jira kati mai kyau. A tsakiya ne abin yake yin zafi, don zubin ya yi girma, tulin yawancin mutane ya ragu, kuma har yanzu ba a kai wurin da ake biyan kowa ko sisi ba.

Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas a 1995, ya yaɗa wani ma'auni a littattafan da ya fara fitarwa a 2004. Ka raba tulinka da abin da zagaye ɗaya na teburi yake cin maka. A ce ƙaramin zubi 500 ne, babba 1,000, kuma mutum tara kowa yana ƙara 100: zagaye ɗaya 2,400 ke nan. Mai tulin 12,000 zagaye biyar ya rage masa ko da bai buga komai ba. A koyarwar, wanda ma'auninsa ya haura 20 yana da sarari, wanda ya faɗo wajen biyar kuwa shawara biyu kawai ta rage masa: ya jefar da kati, ko ya tura duk abin da ya mallaka a lokaci ɗaya. Ku lura da wannan. Wasan da ake ce mana na masu haƙuri ne, an gina shi ne yadda zai ƙwace haƙurin daga hannun mutum a kan agogo, ya tilasta masa ya sa komai a kan kati biyu.

Idan ya tura duka fa? Mafi kyawun hannu a wasan, wato manyan kati biyu mafi daraja iri ɗaya, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Ko da ya zo, idan ya haɗu da wasu biyu iri ɗaya da suke ƙasa da shi, kusan sau huɗu cikin biyar yake ci. Wanda ya shiga irin wannan karo sau biyar a jere, kowane lokaci shi ne da hannu mafi ƙarfi, damar ya tsallake duka biyar ɗin wajen ɗaya cikin uku ce kawai. Mafi yawan karon ma ba su kai haka kyau ba, sun fi kusa da jefa kwabo sama. Gwani yana iya yin komai daidai, ya tashi hannu wofi. Wannan ba sunansa caca ba?

Amma ba nan ne babban abin da ya dame mu ba. Ku biyo mu zuwa wurin da 'yan wasan suke kira da kalmar da ke nufin kumfa, wato gab da a fara biyan kuɗi. A gasa ta mutum 1,000, wajen 150 ne za a biya. Idan aka rage 160, kowa ya san mutum goma za su tashi da asara bayan awoyi da yawa na zama, sauran su sami aƙalla abin da ya ɗan fi kuɗin shigarsu. A nan tsoro yake sauka a teburi. Masu lissafin wasan sun nuna cewa a wannan gaɓa kwabon da ka rasa ya fi wanda ka ci daraja, saboda haka mai matsakaicin tuli dole ya jefar da kati ko da mai kyau ne, don kada ya fita ana gab da biya.

Me ake koya wa mai babban tuli ya yi a nan? Ya nemo wanda ya fi kowa tsoro ya danne shi. Ya ƙara zubi a kansa sau da sau, ko da katin banza ne a hannunsa, don ya san mutumin ba zai iya tsayawa ba. Ana koya masa ya lura da wanda yake jan lokaci kafin ya buga, da wanda ya shigo babbar gasa ta hanyar cin wata ƙarama, don alama ce kuɗin suna da nauyi a wurinsa. Wanda ƙaramar kyautar nan za ta biya masa kuɗin haya ko kuɗin makaranta, shi ne abin farauta na farko. Akwai manhajoji da suke ƙirga sau nawa kowane abokin wasa ya ja da baya idan an matsa masa, su rubuta adadin kusa da sunansa. A harshensu, wanda bai iya wasan ba kifi suke kiransa. Wannan ita ce dabarar, ba mu ƙara mata gishiri ba, haka malamanta suke koyar da ita kuma suna alfahari da ita.

Yanzu ku ɗora ta kusa da abin da muka karɓa. A Romawa sura 15, Manzo Bulus ya ɗora wa masu ƙarfi nauyin ɗaukar kasawar marasa ƙarfi. A tsakiyar gasar poka, mai ƙarfin da ya tausaya wa rarrauna ya yi kuskuren wasa. A Afisawa 4:28 an ba mu dalilin yin aiki da hannu, wato mu sami abin da za mu taimaki mai bukata. A nan kuwa bukatar mutum ita ce ƙofar da ake bi a kwashe nasa. Saurayin da ya kwana yana horar da idonsa ya gane mai tsoro don ya murƙushe shi, kuna tsammani da safe zai cire wannan idon ya ajiye kamar tabarau? Abin da mutum ya maimaita sau dubbai yana zama halinsa.

Wani zai ce ai ɗan kasuwa ma riba yake nema, ɗan ƙwallo ma yana neman raunin abokin karawarsa. Mai sayar da masara ya karɓi kuɗinka, kai ka tafi gida da masara, ku biyun kun amfana. A teburin poka ba a noma komai, ba a ƙera komai, duk abin da ya shiga aljihun wani daga aljihun na kusa da shi ya fito. Bai ma fito cikakke ba. A gasar da ake shiga da dala 11, dala 10 ce take zuwa kyauta, ɗaya ta kamfani ce. Mutum 1,000 sun shiga, kamfani ya ɗauki dala 1,000 tun ba a raba kati ba, ko wa ya ci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Labarin da ake ruɗin matasa da shi mun san shi. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga ƙaramar gasa a PokerStars, ya sami kujera a babbar gasar Las Vegas, ya ci dala miliyan 2.5 cikin mutum 839. Bayan shekara uku, masu shiga wannan gasa sun kai 8,773, kowace kujera dala 10,000. Sunan mutum ɗaya ake tunawa. Ba a cika ba da labarin 15 ga Afrilu 2011 ba, ranar da hukumomin Amurka suka rufe shafukan manyan kamfanonin poka uku. Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, 'yan wasa suna binsa wajen dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa wajen miliyan 60 ne. Waɗanda ma suka ci sai da suka yi dogon jira kafin su ga kuɗinsu. A 2019 kuma, wata manhaja mai suna Pluribus da masana na jami'ar Carnegie Mellon da Facebook suka ƙera ta doke ƙwararru a teburin mutum shida. Ɗan'uwan da ke zaune da wayarsa da tsakar dare ba shi da hanyar da zai ga fuskar wanda yake karawa da shi, ko ya san abin da ke buɗe a kwamfutar wancan.

Gaskiya ne babu ayar da ta ambaci poka. An jefa ƙuri'a wajen zaɓen Matiyas a Ayyukan Manzanni sura ta ɗaya, amma ba wanda ya tafi gida da kuɗin ɗan'uwansa. Ƙuri'ar da aka jefa don a mallaki abin wani, a gindin gicciye muka same ta, sojoji suna rabon tufafin Ubangijinmu. A 1 Timoti sura 6 kuma Bulus ya kwatanta marmarin yin arziki da tarko. Likitoci ma sun iso wurin ta tasu hanyar: tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya. Kuma mai ganin kansa gwani ya fi wahalar dainawa, don kowace asara yana da bayaninta: shawarata daidai ce, kati ne bai zo ba, gobe lissafi zai dawo mini da nawa.

Mu ƙara da batun lokaci a taƙaice. Gasa ɗaya tana iya cin awa shida ko fiye, ba a tashi a tsakiya sai 'yan mintocin hutu, kuma manyan gasannin mako ranar Lahadi ake yinsu. Ba sai mun faɗa muku abin da yake fara mutuwa a rayuwar mai bi ba idan darensa na Lahadi ya koma can.

Ga wanda yake cikin wannan, ba mu rubuta don mu kunyata ka ba, kai namu ne. Amma tun da ka ce lissafi ne, zo mu yi lissafin tare. Fito da bayanan asusunka na wata goma sha biyu, a tara duk abin da ka zuba da duk abin da ka cire, a haɗa da kuɗin data da awoyin da ka zauna, kada ka tsallake watannin da ba ka son tunawa. Ka nuna wa mutum ɗaya da ka amince da shi, fasto ko shugaban zumunta ko wani dattijo, har da bashin da ka ɓoye. Yawancin shafukan nan suna da wurin da mutum zai rufe asusunsa da kansa na watanni ko na dindindin, kuma ya fi sauƙi a danna shi idan akwai ɗan'uwa zaune kusa da kai. Mu kuma sauran, idan wani ya zo mana da wannan takarda, mu yi addu'a tare da shi, mu taimake shi tsara yadda zai biya bashin, maganar kuma ta tsaya a tsakaninmu da shi.